A Bar Mana Shi

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025. Gashuwa.

Farfesa Abdulbaƙi, shugaban sashenmu na Hausa, ya kira ni ofishinsa yau. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Tun daga nan na san ba alheri. Mutumin da bai taɓa tambayata ya gida ba.

A gabansa akwai takardun da ɗalibai suka cike a kan malamansu ƙarshen zangon da ya wuce. Ba a sa suna, kowa ya faɗi abin da ke ransa. 'Yan aji biyu ne, su sittin da ɗaya. Arba'in da bakwai sun ce koyarwata ba ta da kyau. Tawa. Nahawun da na shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, tun ajin bai da ko fanka.

"Dakta Zulaihat, ba mai shakkar iliminki," in ji shi.

Na ce, "To me ake shakka, ranka ya daɗe?"

Ya tattara takardun. Ya ce in takardun ƙarshen wannan zango suka sake fitowa haka, zai ba Malam Bubayero Nahawu gaba ɗaya, na aji biyu da na aji uku.

Bubayero! Mai koyar da adabin baka. Rabin darasinsa labari ne, rabin kuma dariya.

Na tambaye shi ko ya karanta abin da suka rubuta a ƙasan takardun. Ya ce shi dai ya ƙirga ne. Na ce a ba ni in karanta da kaina. Ban sha ruwan ba.

Talata, 8 ga Afrilu.

Yaran da ba su san bambancin suna da aikatau ba, yau su ke ba ni maki. Duniya ta zo ƙarshe.

Alhamis, 10 ga Afrilu.

Labari ya riga ni isa ɗakin malamai. Ina shiga aka yi tsit, sai Dakta Abbo ya ɗauko zance wai a kan "malamai gaba ɗaya". Shi a wurinsa malami nagari shi ne wanda ya gama manhaja kafin jarrabawa. Wani ya ce a'a, wanda ba a kai ƙararsa. Wata ta ce yaran yanzu mai ba su maki kyauta kawai suke so. Wannan na yarda da ita, ko da yake ba na son ta.

Bubayero yana gefe yana cin gyaɗa. Bafulatani ne, ni kuwa 'yar Malam Kyari, don haka tun ranar da ya zo yake ganin yana da lasisin yi mini wasan Fulani da Barebari.

"Baiwata, kin yi shiru," in ji shi.

Na ce ba na magana da makiyaya kafin azahar.

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Ɗalibi kamar majiyyaci ne. Bai san maganinsa ba, amma ya san inda ke masa ciwo."

Na ce, "Majiyyaci ba ya ba likita maki."

Ya ce, "Haka ne. Daina zuwa asibiti kawai yake yi."

Na tsani mutumin da ke faɗin abu mai ma'ana bakinsa cike da gyaɗa.

Asabar, 12 ga Afrilu. Nguru.

Zafi kamar a dafa mutum. Mu bakwai a motar haya da kwandon bandar kifi a bayanmu, na iso gida ina warin kasuwa.

Na tarar da Ya a ƙarƙashin bishiyar maina tana tsince shinkafa. Haka muke kiran uwa da Kanuri, Ya. Ta ce na rame. Kullum na rame.

Da la'asar na zauna na karanta takardun ɗaya bayan ɗaya. Yawanci ba su rubuta komai a ƙasa ba, alama kawai suka sa. Uku sun ce ina da faɗa. Ɗaya ya ce ba na murmushi, sai ka ce tallar man goge baki na zo yi. Sai wata guda, da shuɗin biro, rubutu a tsaye kamar na mai koyar da yara:

"Malama yana da ilimi sosai. Amma in ka yi kuskure yana maimaita maganarka da irin muryarka har aji ya yi dariya. Shi ya sa mun daina tambaya."

Malama yana. Yana!

Ga shaidata a rubuce. Wanda ya zauna a ajina zango guda bai san mace "tana" ake ce mata ba, shi ne alƙalina.

I, ina maimaitawa. Da gangan nake yi. Mutum ba ya jin munin kuskurensa sai ya ji shi a bakin wani. Haka Malam Zakir ya yi mini a makarantar kwana a Kano ina da shekara goma sha uku. Na ce "yarinyar ya tafi", ya kwaikwaye ni sati guda, har 'yan aji suna kirana Ya-Tafi. Ban sake yi ba har yau. Shi ne malami mafi kyau da na taɓa samu. Shi ya mai da ni abin da na zama.

Wanda ya rubuta wannan yana ganin ya ɓuya. Ya manta sana'ata ke nan, gane mutum ta bakinsa.

Laraba, 16 ga Afrilu. Gashuwa.

Na fito da takardun gwajin bara na jera su a tebur. Masu rikita jinsi su goma sha huɗu ne. Masu shuɗin biro a cikinsu biyar. Mai yin "k" da doguwar ƙafa guda ɗaya ce.

Fanne Modu. Daga Machina. Ba yarinya ba ce, za ta kai talatin da biyar. Malamar firamare ce da ta zo neman digiri. Tana zama a ƙarshen layi kusa da taga cikin lafaya, ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa makara ba.

Minti arba'in ya ɗauke ni. Na ji daɗi kamar na ci gasa. Daga baya daɗin ya tafi, ban san inda ya shiga ba.

Talata, 22 ga Afrilu.

Ban yi niyya ba. Ko dai na yi.

Muna kan ginin jimla, na ce Fanne Modu ta tashi ta faɗa mana sassan jimla. Ta miƙe, ta gyara lafayarta, ta ce, "Jimla yana da kashi biyu, Malama."

Amsar daidai ce. Kashi biyu ne.

Na lanƙwasa harshe irin nata, na ja muryar yadda take ja, na ce, "Jimla yaaana da kashi biyu." Aka yi dariya, 'yar kaɗan, irin wadda ake yi don malami ya ji. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Wasu sun iya rubuta ƙorafi, amma ba su iya jinsi ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ba a taɓa kallona haka a aji ba. Ba fushi ba ne. Kallon wadda aka ce mata ɗakin a kulle yake, ta tuɓe, sai ta ga ashe akwai mai leƙe.

Ta zauna. Har aka tashi ba wanda ya ɗaga hannu. Na ce akwai tambaya? Babu. Dama ba a yi.

Talata, 29 ga Afrilu.

Kujerar kusa da taga ba kowa. Karo na biyu ke nan.

Ba ni na hana ta zuwa ba.

Asabar, 3 ga Mayu. Nguru.

Ya ta faɗi a bakin rijiya jiya da safe. Jininta ya hau. An sallamo ta amma sai da mai kula da ita, ƙannena kuma duk suna nesa. Na kira Farfesa na nemi sati biyu. Ya ce ba komai, Malam Bubayero zai riƙe mini aji.

Ba komai! An ba kura ajiyar nama.

Alhamis, 8 ga Mayu.

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ba zan ƙara ba.

Hajiya Nabila maƙwabciyarmu ta shigo dubiya da hantsi. Bahausa ce, ba ta jin Kanuri. Ina madafa ina dama kunu, sai na ji muryar Ya tana zuba Hausa. Ba 'yar gaisuwa ba, hira sosai. Tana ba da labarin faɗuwarta, wai rijiyar ce ta gaishe ta ta durƙusa amsawa. Hajiya Nabila tana dariya har da tari. Na tsaya da ludayi a hannu. Ban san uwata tana da ban dariya da Hausa ba.

Na shigo da kunun daidai tana cewa, "Zulai ya zo tun Asabar, yana kula da ni."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Ta zo, Ya. Tana kula."

Shi ke nan. Kamar an kashe rediyo. Ta karɓi kunun, ta ce wa baƙuwar ta gode, ba ta ƙara ko kalma ba.

Bayan matar ta fita na ce mata, da Kanuri kamar kullum, me ya sa ta yi shiru? Ta daɗe tana juya cokali. Sannan ta ce, "Ke kin taɓa jin na yi miki Hausa tun hutunki na farko daga Kano?"

Na ce na ɗauka ba ta so ne.

Ta ce, "Ranar da kika dawo na tare ki a ƙofa. Na ce bari in yi wa 'yar makaranta yarenta. Na ce, ka ci abinci? Kika kwaikwaye ni a gaban ƙannenki. Suka yi dariya. Ni ma na yi."

Ta sha kunu. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, ko da yake ba a sa wa kunu gishiri. Ta juya ga bango.

Shekara talatin da uku.

Juma'a, 9 ga Mayu.

Ban tuna ranar ba. Abin da ya fi damuna ke nan. Ita ta riƙe, ni ko alama.

Talata, 13 ga Mayu.

Ina shanya kaya na tuna wani abu. Lokacin da Malam Zakir ya rasu ina Kano, unguwa biyu tsakaninmu. Ban je gaisuwa ba. Na ce wa kaina aiki ya yi yawa.

Malami mafi kyau da na taɓa samu. Ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba. Har yau in na ga mai irin hularsa sai na gyara jimla a zuciyata kafin in buɗe baki.

Amma ya koya mini. Wannan ma gaskiya ne. Kada in zama munafuka a littafin da ba mai karantawa.

Litinin, 19 ga Mayu. Gashuwa.

Na dawo. Sati biyu Bubayero ya yi da su, shafi uku suka ci. Uku! Da ni ce, da an ci goma sha biyu. Na duba littattafansu, rabin misalan karin magana ne da waƙar daka. Har yanzu ba su san bayanau ba. Duk wanda ya ce mini shi ne gwarzon malamai, zan nuna masa waɗannan littattafan.

Sai dai na tarar da abin da ban saba gani ba. A gefen allo akwai tambayoyi bakwai da ɗalibai suka rubuta da alli, suna jiran amsa. Tambayoyi masu kyau. Ɗaya ma sai da na koma ofis na duba littafi.

Bubayero ya same ni a baranda. Bai ce baiwata ba.

"Yaya Dakta, Fanne Modu ta zo wurina tana son ta ajiye karatu."

Na ce me ya shafe ni?

Ya ce, "Ta ce ba dariyar ce ta dame ta ba, ta saba. An ce musu ba mai sanin wanda ya rubuta. Yanzu tana ganin ko ta rubuta jarrabawa da zinare ba za ta ci ba."

Na ce ni ban taɓa zaluntar ɗalibi a maki ba, ko sau ɗaya, a tambayi kowa.

Ya ce, "Na sani. Ita ce ba ta sani ba. Na roƙe ta ta dawo. Sauran naki ne."

Talata, 27 ga Mayu.

Ta dawo tun makon jiya, amma ta bar taga, ta koma can baya.

Yau darasin wakilin suna ne. Na shirya shi yadda na saba shekara goma sha ɗaya. Na rubuta "shi" da "ita" a allo. Sai na tsaya. Na goge "ita".

Na ce, "Wannan kalma, da Hausa namiji ce. Da Kanuri fa?"

Shiru. Suna jiran tarkon.

Na ce, "Da Kanuri, shi ana ce wa namiji, ana ce wa mace. Kalma ɗaya, sauti ɗaya, harsuna biyu. Wanda ya tashi da Kanuri ya ce malama yana zuwa, ba jahilci ya yi ba. Dokar gidansu ya bi a gidan wasu. Aikinmu mu san dokokin biyu, mu san inda kowace ke aiki."

Ban taɓa faɗin wannan a aji ba. Na san shi tun ina digirin farko, yana cikin kundina na digirin ƙarshe, babi na huɗu. Ban taɓa ganin ya shafi masu zama a gabana ba.

Don in ba da misali sai na yi jimla guda da Kanuri. A gaban aji, karo na farko. Kanurina na cikin gida ne, na kunu da wanki, bai taɓa hawa allo ba. Na karkata aikatau ɗin. Na ji ya karkace tun kafin ya gama fita.

Wasu suka danne dariya. Na ji zafinta a wuya, daidai inda nake jin ta ina shekara goma sha uku.

Daga can baya wata murya ta faɗi jimlar daidai. A hankali, ba kwaikwayo, ba ja. Yadda ake gyara wa yaro riƙon fensir. Fanne.

Na maimaita yadda ta faɗa. Na ce na gode, Malama Fanne.

Hannu huɗu suka tashi kafin a tashi. Wani ɗan ƙabilar Bade ya ce su a yarensu akwai jinsi amma ba ya faɗuwa daidai da na Hausa, mun ci minti ashirin a kai. Ban gama darasin ba. Abbo zai ce na lalace.

Talata, 17 ga Yuni.

Na kusa yi yau. Wani ya ce "makaranta ya cika", harshena ya riga ya lanƙwashe. Na cije shi. Na ce, "Ta cika. Ci gaba."

Wuya gare shi fiye da rubuta kundi.

An ce labarin za a ƙwace mini Nahawu ya kai wurin ɗalibai. Ba abin da ke ɓoyuwa a wannan sashe sai alli.

Litinin, 7 ga Yuli.

An gama jarrabawa, an cike takardun. Farfesa ya kira mu, ni da Bubayero, tunda sunayenmu biyu ne a saman takardar wannan karon saboda sati biyun da ya riƙe.

Talatin da takwas sun ce koyarwar ba ta da kyau. A da arba'in da bakwai ne. Tara kawai na samu. Duk cije harshen nan, tara.

Farfesa ya ce wannan karon ya karanta har ƙasa, tunda na yi masa gori. Ya zaro takardu tara ya baza. Kowace an rubuta abu ɗaya a ƙasanta: "A bar mana shi."

"Kin gani, Dakta," in ji shi da murya mai taushi. "Sun faɗa da bakinsu. Shi suke so." Ya nuna Bubayero da biro.

Na dubi ta saman. Shuɗin biro. Rubutu a tsaye.

Na san wace ce shi.

Kuma na kasa buɗe baki. In na ce ni suke nufi, na shaida da kaina cewa ɗalibaina sun shekara a hannuna suna ce wa mace shi. In ya ce ta yaya na sani, sai in ce na san hannun, in sake tuɓe ta a gaban wani. Na zauna ina kallon Nahawu yana fita daga hannuna saboda kalma mai gaɓa ɗaya. Na ce wa kaina, Zulai, wannan bashinki ne, ki biya.

Bubayero ya ɗauki takarda ɗaya ya kai kusa da ido, ya yi wata 'yar dariya.

"Ranka ya daɗe, kai mutumin Kano ne. Ni a Jakusko aka haife ni, cikin Barebari na yi wayo. Wannan shi ɗin mace ce."

Farfesa ya ce wace irin magana ce wannan?

Ya ce, "Ni ba a ce za a ɗauke ni ba, balle a roƙi a bar ni. Ga shi nan zaune yana harararmu."

Ya yi masa bayani, ya ma faɗi babi na huɗu na kundina. Ban san ya karanta ba. Sannan ya ce shi Nahawu ba ya iya shi, sati biyu ya yi kansa na ciwo, a bar baiwarsa da wahalarta.

Farfesa ya daɗe yana kallon takardun. Ya ce talatin da takwas ba ƙaramin adadi ba ne. Na ce na sani. Ya ce zango ɗaya kuma, daga nan a sake dubawa. Na ce to.

A baranda na so in ce wa Bubayero wani abu. Abin da ya fito shi ne, "Har yanzu ba su san bayanau ba." Ya ce, "Allah ya ba ki lada, Babarbariya," ya miƙo mini gyaɗa. Na karɓa.

Laraba, 9 ga Yuli.

Fanne ta sami hamsin da takwas. Guminta ne, ban ƙara ba, ban rage ba. A takardar jarrabawarta, shafi shida, ba ta rikita jinsi ba ko sau ɗaya. Na duba sau biyu.

To wancan "shi" ɗin fa? Kuskure ne ko da gangan?

Ba zan tambaya ba.

Asabar, 12 ga Yuli. Nguru.

An yi ruwa jiya, fadama ta cika har bakin titi, direba yana ta zagin ramuka. Ya ta samu sauƙi, tana tafiya da sanda amma tana ƙin riƙe ta in da baƙi.

Ban ba ta labarin komai ba. Me zan ce?

Na ajiye jaka, na cire takalmi. Tana zaune a tabarma ba ta dube ni ba, sai ta ce, da Hausa, "Zulai, ka ci abinci?"

Ban sani ba ko mantawa ta yi saboda ciwon, ko gwada ni take. Da Ya ba a sani.

Na ce, "Ban ci ba, Ya."

Ta ce akwai burabusko a kwano. Daga nan ta ɗauko labarin akuyar Hajiya Nabila da ta shigo ta cinye mata alayyafo, yadda ta bi shi da sanda, yadda ya tsaya yana kallonta kamar mai bin haya. Duk da Hausa. Har la'asar ta yi.

Na ƙirga kuskuren jinsi goma sha ɗaya a bakinta, daga nan na daina ƙirgawa. Gajiyar hanya ce, ina jin. Kuma bakina da abinci.